Yashin Kurfai da motocin tsere

Mai zuwa Filinge daga Yamai, tafiyar kilomita wajen 180 ke gabansa, gabas maso arewa. Zai wuce Hamdallai, ya iske Balleyara, garin babbar kasuwar bisashe ta ranar Lahadi. Daga nan hanya ta faɗa cikin Dallol Boso, ta bi shi ta wajen Damana da Bonkuku har ƙasar Kurfai. Dallol ɗin nan tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamanin da. Daga Azawak ya gangaro, ya yi kudu har bakin kogin Isa. Ruwa ba ya gudu cikinsa, amma yana nan kwance ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa rijiyoyin kwarin ba su da zurfi, shi ya sa kuma garuruwa suka jeru cikinsa kamar ƴaƴan tasbaha.

Filinge na zaune cikin kwarin, duwatsu sun yi mata katanga. Ita ce babban garin Kurfayawa, kuma ita ma ranar Lahadi kasuwarta ke ci. Arewa da ita, wajen kilomita 20, ga Tukunus, inda gomnati ke kiwon jajayen shanun Azawak masu nono. Gaba da Tukunus ga Talco. A can hanya ke rabuwa: wata ta yi arewa zuwa Abala, wata ta karkata gabas zuwa Sanam da Tebaram, ta ɓulla Tawa.

Abin da baƙo ke fara sani a ƙasar nan, tun bai sha ruwanta ba, shi ne yashi. Kuma yashin ba iri ɗaya ba ne. Akwai farin rairayi na cikin kwari, mai laushi, wanda ƙafa ke nutsewa cikinsa har idon sawu. Akwai jan yashi na jigawa, bisa tudu, inda ake noman hatsi da wake. Akwai fako, ƙasa mai tauri wadda iska ta share, ko ƙarangiya ba ta fita bisanta. Akwai kuma wata ƙura mai kama da toka, tana ɓoye cikin ramukan hanya. Daga nesa sai a ce ƙasa ce mai ƙarfi, sai taya ta taka sannan a gane.

Tudun Kurfai ba irin na Tenere ba ne. Na Tenere tsirara yake, ba ciyawa ba icce, iska na tura shi yana tafiya. Na Kurfai tsohon tudu ne da ya kwanta tuntuni. Saiwar sabara da ta kalgo da ta anza sun kama shi, ga gawo da aduwa nan da can. Yana hawa yana sauka kamar bayan raƙuma a jere. Kowane tudu kuma da mai shi: gonar wane ce, ko burtalin bisashe, ko makiyayar gari.

Hanyar da ba ta da ruwa

Ba motocin tsere suka fara wahala tsakanin Filinge da Tawa ba. A shekarar 1898 Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya bisa rabon ƙasa. Aka ɗora tsinin alƙalami bisa Sakkwato, aka zagaya da'ira mai nisan kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. To, hanyar kudu mai rijiyoyi ta faɗa hannun Ingilishi. Sojan Faransa da ke son zuwa Damagaram daga bakin kogi dole suka zagayo ta arewa, ta Filinge da Tawa. Saboda haka suka kafa bariki a Filinge wajen 1901, zamanin Mayaƙi Namalaya. Ayarinsu na raƙuma da takarkarai ya sha ƙishirwa a wannan hanya, don da an fita daga dallol rijiyoyi sun yi nisa da juna, sun kuma yi zurfi. Sai da aka sake gyara iyaka a 1904 da 1906 suka samu hanyar kudu. Daga nan babbar hanya ta koma ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, ta bar Kurfai gefe.

Amma hanyar arewa ta fi kusa. Daga Tawa zuwa Yamai ta Ƙwanni, wajen kilomita 550 ne. Ta Talco da Filinge, ba ta kai 450 ba. Ga kusa, ga yashi, ga gargada. Abin da direban kamiyo ke gudu ke nan, kuma shi ne abin da masu tsere suka zo nema.

Pari-Dakar

Wani saurayi ɗan Faransa, Thierry Sabine, ya ɓace cikin hamada da motonsa a 1977, yana cikin wani tsere daga Abijan zuwa Faransa. Da kyar aka gano shi. Maimakon ya ce ya tuba, sai ya koma gida ya shirya nasa tseren. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Pari: moto da ƙananan motoci da kamiyo. Suka ƙetare teku, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Asamaka, suka bi Arlit da Agadas da Tawa. Daga Tawa zuwa Talco aka ɗauki lokaci, wato a nan ne kowa ya saki gudu. Daga Talco suka gangara ta Filinge zuwa Yamai, sannan Gawo ta Mali. Ranar 14 ga Janairu 1979, 74 kaɗai suka ga Dakar. Wanda ya zo na ɗaya bisa moto yake, Yamaha XT 500, sunansa Cyril Neveu, yana da shekara 22.

Tun a wannan zuwa na farko aka yi rashi. Wani mai moto ya faɗi kusa da Agadas yana ƙoƙarin ɗaure hular kwanonsa bisa tafiya. Kansa ya bugu, aka kai shi Faransa, can ya rasu.

Daga nan abin ya zama na kowace shekara, kowane watan Janairu. Ba kullum suke biyowa ta Kurfai ba, don kowace shekara da taswirarta. Wani lokaci daga Agadas su yi yamma su faɗa Mali. Amma hanyar Tawa zuwa Yamai ta sake ganinsu, kamar a 1989. A lokacin abin ya girma ƙwarai. A 1988 ababen hawa fiye da 600 suka tashi. Manyan kamfanoni sun shigo da kuɗinsu: Peugeot, Mitsubishi, Porsche, Honda, BMW. Kowace motar tsere da makanikanta, da kamiyon kayan gyaranta, ga jiragen sama na bin su da abinci da esansi da likitoci.

Watan Janairu a Kurfai lokacin ɗari ne. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Samari da yawa sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Kwatano, wasu Abijan. Gari ya rage tsofaffi da mata da yara. Shanu da awaki na cikin gonaki suna cin kara, ba mai tsare su sosai, tun da ba shukar da za su ɓata. Cikin wannan shiru ne tseren ke faɗowa. Jirgi mai saukar ungulu ke fara wucewa ƙasa-ƙasa. Sai masu moto, ɗaya bayan ɗaya, a tsaye bisa ƙarfen taka ƙafa kamar mahayin da ya miƙe bisa likkafa, fuska rufe, ba a ganin ko ido. Bayansu ƙananan motoci. Can da la'asar har cikin dare, manyan kamiyo, waɗanda ƙasa ke rawa in sun taho. Ƙura kuwa, in ta tashi da hantsi, ba ta kwanta ba sai gari ya waye.

A faɗi gaskiya, mutanen nan sun iya. Kurfayawa jikokin mahaya ne, sun san sukuwa, sun san abin da ake nufi da mutum ya riƙe linzami. Wanda ya ga mota ta taso bisa tudu, ƙafafunta huɗu sun bar ƙasa, ta dira ta miƙe ba ta kife ba, ya san ba kuɗi kaɗai ke aiki ba. A lokacin kuma ba na'urar da ke nuna hanya daga tauraron ɗan'adam. Kamfas ne da wani littafi da ake ba kowa. Na kusa da direba ke karanta shi da ƙarfi: bayan kilomita kaza akwai rami, bayan kaza akwai gangare, bayan kaza akwai gari. Cikin littafin nan, gari da rami layi ɗaya suke. Duka abubuwa ne da ke rage wa mutum gudu.

A nan ne ganin baƙo da ganin ɗan gari suka rabu. Baƙo ya ɗaga ido ya ga daji, ba gini ba shinge, ya ce fili ne. Ɗan gari ya duba wuri guda ya ga gonar kawunsa, da turbar da mata ke bi zuwa rijiya, da inda yara ke kora awaki. Yaron ƙauye ya saba da kamiyon kasuwa, wanda ake jin kukansa tun yana bayan tudu, a gama cin tuwo bai iso ba. Bai san akwai motar da ke cin kilomita 150 cikin awa guda bisa yashi ba. Idonsa bai iya auna ta ba. Ya ga ta yi nisa, ya ce bari ya ƙetare. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Kita, ƙasar Mali. A wannan shekara wata mata da ɗiyarta sun mutu a Muritaniya, motar masu ɗaukar hoton tseren ta buge su. A 2006 yara maza biyu suka mutu kwana ɗaya tsakani, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Masu shirya tseren sun sa dokar rage gudu cikin garuruwa, suna hukunta wanda ya karya. Amma akuya da ɗan kiwonta ba cikin gari suke yini ba.

Su ma masu tseren yashi bai bar su ba. A 1983 guguwa ta taso musu cikin Tenere, mutum wajen 40 suka ɓace, sai da aka yi kwanaki ana nemansu ta sama. A 1988 wani kamiyon DAF ya yi tsalle bisa tudu cikin Tenere yana tsananin gudu, ya wuntsila, mutum ɗaya ya mutu nan take. Shi kansa Thierry Sabine, ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa ya faɗi a Mali, wajen Gurma Rarus, shi da mutum huɗu. Cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo tseren don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka, bayan yunwar 1984. Mutane da dama a Turai sun yi ta sukar tseren a shekarun nan. Suka ce bai kamata a zo ana wasa da dukiya gaban waɗanda fari ya cinye wa dabbobi ba. Har jaridar fadar Paparoma ta yi magana a 1988.

Amfani fa? Agadas ta samu, don can suke hutawa kwana ɗaya ko biyu. Masu masauki da makanikai da maƙeran azurfa da masu jagora sun ga kuɗi. Yamai ma ta samu nata. Garuruwan da ke tsakani kuwa, irin su Sanam da Talco, mai gudu ba ya tsayawa sayen ƙosai. Abin da ke saura bayansu shi ne tsohuwar taya, da gwangwani, da ƙarfen da ya karye, wanda maƙeri zai ɗauka ya ga ko za ya yi hauya. Sai kuma hanya.

Abin da taya ke yi wa tudu

Hanyar yashi ba ta son nauyi da gudu tare. In motoci ɗari sun bi sawu ɗaya cikin yini guda, sawun ya zama kwari biyu masu zurfi, da tudu a tsakiya wanda ke kama cikin mota. Na baya ya ga haka, sai ya kauce ya buɗe sabon sawu a gefe. Na bayansa shi ma ya kauce. Kafin a jima hanyar da faɗinta bai wuce taki biyar ba ta zama sawu goma a jere, ta ci gefen gona. Ba masu tsere kaɗai ke wannan ba, kowane direba na yi. Amma abin da motocin kasuwa za su yi cikin shekara, tsere na yin sa kafin azahar.

Bisa tudun da ya kwanta akwai wata ƴar fata, ɓawon ƙasa da saiwar ciyawa suka haɗa. Ita ke riƙe da yashi. In taya ta yage ta cikin ɗari, iskar hunturu na nan tana jira, ta kwashe mai laushin ta zuba wani wuri. Damana ta zo, ruwa ya samu sawun taya a gangare, ya bi shi. Shekara ta farko ɗan zazzago ne wanda yaro ke tsallakewa. Bayan shekara uku ko huɗu ya zama rami mai cinye jaki. Manoman da suka yi aikin gyaran ƙasa, suka tona rabin wata bisa fako, suka jera duwatsu, suka kafa shingen kara don tsai da yashi, sun san yawan gumin da ake zubarwa kafin a mai da abin da ya tafi.

Masu tseren kowace rana

Tsere ya zo ya wuce. Direbobin Kurfai kuwa suna nan, su da tsofaffin Land Rover da Toyota da kamiyon kasuwa. Ba mai ɗaukar hotonsu. Amma ilimin yashi na hannunsu, kuma da wahala suka saye shi.

Direban da ya san aikinsa da asuba yake tashi. Yashin da ya kwana cikin sanyi a daskare yake, yana ɗaukar mota. In rana ta take, ya saki jiki, ya zama gari. Kafin ya shiga wuri mai laushi sai ya tsaya bisa ƙasa mai tauri, ya sa karen mota ya rage iskar tayoyi. Taya mai ƙarancin iska tana baje wa kamar tafin raƙumi, ba ta nutsewa. Ya zaɓi giyarsa tun daga ƙasa, don wanda ya canza giya tsakiyar hawa ya tsaya ke nan. Ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya murɗa sitiyari da gaggawa. Ya san kuma gefen tudun da iska ke bugu ya fi tauri, gefen da take zuba yashi ya fi laushi, ya fi tsayuwa. Saboda haka in ya kai ƙoli yana sassautawa, don bai ga abin da ke bayan tudu ba: ko rami ne, ko amalanke, ko garken tumaki.

Duk da haka mota na kafewa. A nan ake gane sabon direba: shi ne mai ƙara wuta, taya na juyawa wuri ɗaya tana tona wa kanta kabari, har cikin motar ya zauna ƙasa. Tsohon hannu kashe mota yake yi, ya leƙo ya ce: "To jama'a, a sauko a taimaka. Inna, ke yi zamanki. Baba, koma inuwa, akwai samari." A fiddo shebur, a tone gaban kowace taya, a shimfiɗa faranti na ƙarfe masu huda in akwai. In babu, a sa tabarma ko kara ko rassan sabara. A tura, mota ta yi taki goma, a kwaso farantin a sake shimfiɗawa. Wani tudun sai an yi haka sau biyar. Rassan da ake sara don fid da mota, su ma daga jikin tudun suke fita, kuma ba mai lissafa su.

Ga ɗan kasuwa, kafewa asarar yini ce. Ga motar da ta ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye za ta likitar Filinge, awa biyu cikin yashi ba asarar yini ba ce kaɗai. Shi ya sa maganar gudron ba ta fita daga bakin mutanen yankin. Zamanin shugaba Mahamadu Isufu, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, an sa hannu ga aikin shimfiɗa gudron bisa hanyar Filinge zuwa Tawa. Amma ƙauyuka nawa ne ke bakin babbar hanya? Sauran duk ta yashi ake zuwa.

Moto

Bayan shekarar 2000 moto ƴar Sin ta yi araha, ta shiga kowane ƙauye. Saurayi ya dawo daga bida, abin da ya fara saye ke nan. Ita ce ta zama jakin zamani: ta ɗauki buhu, ta ɗauki rago, ta ɗauki majinyaci a tsakiya wani na riƙe da shi ta baya. Ƴan kabu-kabu sun koyi abin da Cyril Neveu ya sani ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. A ja jiki baya don ƙafar gaba ta yi sauƙi. Kar a saki wuta tsakiyar yashi. Kar a taɓa birkin gaba. A bar kan moto ya yi rawarsa, kar a yi kokawa da shi.

Inda doki ke sukuwa ranar buki, yanzu sau da yawa moto ce. In an ɗauko amarya, samari su jeru, su yi ta rige-rige, wani ya ɗaga ƙafar gaba, wani ya miƙe tsaye, ƴan mata na guɗa. Sai dai na Pari-Dakar yana da hular kwano, da takalmi har gwiwa, da jirgi bisa kansa ɗauke da likita. Na ƙauye silifa gare shi da hular saƙa. In ya faɗi bayan tudu, sai mai ɗori, in ƙashi ne. In kai ne, sai abin da Allah ya yi.

Rashin kwanciyar hankali ne ya raba tseren da Nijar. A Janairun 2000 sun iso Yamai daga Wagadugu, aka ba su labarin ana jiransu da bindiga a arewa. Sai aka loda motocin duka cikin manyan jiragen sama na Antonov, aka tsallake da su zuwa Sabha ta Libiya. Tun daga nan Dakar ba ta sake taka ƙasar Nijar ba. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya saboda barazana a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Amurka ta Kudu, daga 2020 ya koma Saudiyya, ko da yake sunan Dakar na nan bisansa.

Kurfai kuwa ba ta da jirgin da za ya ɗauke ta. Ƴan bindigar da suka addabi iyakar Mali su ma sun gane abin da moto ke iyawa cikin yashi, inda motar soja ke kafewa. Ranar 1 ga Janairu 2020 hukuma ta hana hawan moto dare da rana a jihar Tilaberi. Ƴan kabu-kabu suka jingine abin sana'arsu cikin zaure, suka rufe da buhu. Wasu suka sayar da hasara, suka tafi bida. Malamin lakwal da ma'aikacin likita na ƙauye suka koma tafiyar ƙasa. An ɗage dokar a watan Satumba 2021, ba a jima ba aka mai da ita a wasu wurare. A watannin nan amalanken jaki da na shanu suka sake cika turbobin da ke gangarowa kasuwar Filinge, kuma mutanen ƙauyukan nesa tun daren Asabar suke ɗaura wa jaki kaya.